Dogon hutu a unguwarmu: mu da wahala, su da hoto

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ya damina, ya kuma haƙuri da mu masu yawan ƙorafi. Dan Allah ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in amayar da abinda ya daɗe yana cina, kuma kai min afuwa in ta yi tsayi, maganar ce ta taru.

Ni mazaunin wata unguwa ne a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 8 ɗin nan na cikin garin Kano, wato Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo. Ba zan faɗi wacce ba, don ba da mutum nake rigima ba, kuma na san duk wanda ya karanta wasiƙar nan zai rantse unguwarsu nake nufi.

Kamar yadda ka sani da an shiga ƙarshen Yuli makarantun boko sun ba da dogon hutu shikenan unguwa ta cika, yara ko ta ina kamar an fasa buhun gero, tun bayan asuba har isha'i suna lungu, ga marka ta sauka, Agusta kuwa a Kano ba sai na faɗa maka ba, ita ce uwar ruwa. Uba ya fita kasuwa, uwa tana fama da na goye, yaro ɗan shekara 14 ba makaranta ba aikin yi sai Islamiyyar yamma in ma yana zuwa. Duk wanda ya san yadda faɗan daba da ƙwacen waya suka addabi garin nan ya san a irin wannan zaman ne ake ɗaukar sababbin ɗalibai. Shi yasa shekarun nan muka ce ba za mu zuba ido ba, mu ƴan majalisar ƙofar masallaci da wasu matasa da malaman Islamiyya muka haɗa kwamiti, mai unguwa ya sa mana albarka, kowa ya kawo abinda Allah ya hore mai.

Abu na farko gasar ƙwallo, layi da layi. Kar ka raina ta Malam Edita, wallahi ranar da layin masallaci zai kara da layin ƴan gurasa ko Pillars ce ke wasa a Ƙofar Mata ba lallai ta ɗauke mana ƴan kallo ba. Yaran nan kowa gani yake shi ne Ahmed Musa na gobe, wani kuma ya ce shi Rabi'u Ali Pele ne, gashi takalmin ma aro ne, jesi kuwa wani bawan Allah mai shago a Kantin Kwari ne ya ba mu guntayen yadi, telan unguwa ya ɗinka, lambar baya da fenti aka rubuta ta, in ruwa ya dake ta sai kaga lamba 9 ta koma wani abu daban. Rafali malamin firamare ne mai ritaya, shi ba ya karɓar ko sisi, sharaɗinsa ɗaya ne, duk wanda yai ashar ko aka kama shi da wuƙa ko ƙwaya a bakin fili to layinsu gaba ɗaya an kore shi daga gasar. Wannan doka ta yi aikin da wa'azi bai yi ba, don yanzu yaran da kansu suke caje junansu kafin su shigo, ba wanda yake so a ce shi ya jawo wa layinsu kora.

Da safe kuma akwai lesin kyauta. Ƴan unguwa da ke karatu a Jami'ar Bayero da Kwalejin Sa'adatu Rimi da masu jiran sakamako su ne suke koyarwa, lissafi da Turanci da karatun Hausa, don abin kunya ne ka samu ɗan aji 5 bai iya haɗa baƙi ba, ni na gani da idona ba labari aka ba ni ba. Mata suna nasu a zauren wata Hajiya, ɗinki da lalle da haɗa turaren wuta da sabulun ruwa, kuma in gaskiya za a faɗa nasu ya fi namu tsari nesa ba kusa ba, ba a taɓa jin sun yi rigima kan kuɗi ba, mu kuwa sai da muka zauna sau 3 kan kuɗin fiya wata. Sai musabaƙar Alƙur'ani ta yaran Islamiyyu, izu 2, izu 5, izu 10, da ita muke rufe hutun, a yi walima a raba kyaututtuka, iyaye mata su yi ta kuka ana ba su haƙuri.

To duk wannan abu da na lissafa, ban da na mata, a guri ɗaya ake yinsa, filin makarantar firamaren unguwa. Ba mu da wani. Da akwai fili a bayan maƙabarta an yanka shi fuloti, akwai kududdufin da muka koyi iyo muna yara an cike shi da bola an yi gini a kai, yanzu ruwan da yake zuwa can ya kwanta cikin ɗakunan mutane yake zuwa ya kwana. Saura wannan fili ɗaya tal, a nan ake sallar idi, a nan ake jana'iza in mutane sun yi yawa, a nan ake kafa akwatin zaɓe.

Makonni kaɗan da suka wuce sai ga wasu mutane da tef suna awo a jikin katangar makarantar ta ɓangaren titi, suka gama suka shiga mota suka tafi, ba su ce wa kowa uffan ba. Kafin magariba guruf ɗin WhatsApp na unguwa ya kama da wuta, wannan ya ce katanga za a gyara, wancan ya ce azuzuwa za a ƙara, wani ya turo muryar minti 7 yana rantsuwa shaguna za a yi har an gama rabawa. Muka je gurin hedimasta ya ce shi ma ganinsu yai kamar yadda muka gansu. Mai unguwa ya ce ba a kawo mai takarda ba. Kansila ya ce zai bincika. Kuma kar kaga laifin mutane in hankalinsu ya tashi, kowa a garin nan ya ga yadda aka dinga jera shaguna a jikin makarantu da masallatai da maƙabartu, kowa kuma ya ga abinda ya faru a Filin Idi a 2023 lokacin da aka rushe shagunan da ke gurin, waɗanda suka sa dukiyarsu suka tafka asara. Da gini da rusau duk talaka ne a ƙasa. Yana iya yiwuwa alheri ne ake shirin yi mana, to in alheri ne me zai hana a faɗa?

Wannan shi ne ainihin abinda yasa na ɗauko alƙalami, ko in ce waya. Gwamnatin da tafi kowacce kusa da mu ita ce wadda muka fi jahilta. Yaron da ke sayar da kati a bakin layinmu zai faɗa maka abinda shugaban Amurka ya ce jiya, zai faɗa maka wanda Arsenal ta saya da nawa ta saye shi, amma ka tambaye shi yaushe majalisar kansilolinmu tai zama na ƙarshe, me suka tattauna, kasafin kuɗin bana nawa ne, sai ya kalle ka kamar ka yi mai Faransanci. Ni ma da nake wannan surutun haka nake. Kano na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kowace mazaɓa da kansilanta, an yi zaɓensu ranar 26 ga Oktoba 2024, amma in ka buɗe jarida ko ka kunna rediyo labarin ƙaramar hukuma bai wuce ciyaman ya kai ziyarar ta'aziyya, ciyaman ya raba shinkafa, ciyaman ya jaddada goyon baya. Da daddare kuma sojojin baka su karɓe gidajen rediyo, wannan ya yabi ubangidansa wancan ya zage shi, ba mai cewa ga kalbat ɗin da aka ware wa kuɗi a layi kaza ku je ku duba ko an yi.

Wani ɗan unguwarmu da ya karanta lauya ne ya buɗe mana ido wata rana a majalisa, ya buɗo kundin tsarin mulkin 1999 a wayarsa ya karanto mana jadawali na 4, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma. Wallahi sai da jikina yai sanyi. Magudanan ruwa, hanyoyin cikin unguwa, fitilun kan hanya, kwashe shara, banɗakunan jama'a, kasuwanni da tashoshin mota, maƙabartu, wuraren shaƙatawa da filaye, sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan da sa hannu a harkar firamare da kiwon lafiya. Wato kusan duk abinda muke karo-karo a kai a masallaci bayan sallar isha'i, akwai hukumar da doka ta ɗora wa shi. Katangar maƙabarta da ta faɗi bara mu muka tada ta. Fitilar sola ta bakin lungu da ta mutu, mu. Kuma ba wai babu kuɗi a tsarin ba, ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya, ga kashi 35 na harajin VAT, kuma kason kowacce ana wallafa shi wata-wata, mai data zai iya dubawa. Abinda ya shigo ana iya gani kenan. Inda ya bi ya fita ne duhu.

Da can in ka yi magana sai a ce ai kuɗin ba ya zuwa hannunsu, yana maƙalewa a asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi. To ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar da gwamnonin jihohi 36, ta ce a dinga tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda gwamna ya rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi ba. Ranar har shayi aka ƙara a majalisarmu don murna. Tun daga nan fa ba wanda ya tara mu ya ce jama'a ga halin da ake ciki, an fara turowa ko ba a fara ba, in an fara ga abinda muka yi, in ba a fara ba ga inda ta tsaya ku taya mu magana. Ko ɗaya daga ciki aka faɗa mana ai mun san inda za mu sa kukanmu.

Bari in ba ka misalin da yafi ci min rai. Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe ba zirga-zirga. Muka ce tunda yara na gida bari mu yi amfani da ita mu yi gayyar yashe babbar kwatar unguwa kafin ruwa yai ƙarfi, muka sa sharaɗi duk ƙungiyar da ba ta fito ba an cire mata maki a gasa. Malam Edita yara suka fito kamar me, da shebur da manjagara da baro, wasu ba ko takalmi, suka shiga cikin wannan baƙin ruwan har gwiwa, abinda aka fito da shi kuwa kar ka so ka gani, ledar fiya wata, robar lemo, famfas, tsohuwar katifa, har da kan keken ɗinki. Sati biyu kafin ranar mun kai takarda sakateriya muna roƙon tifa ko guda ɗaya ce tazo ta kwashe, aka buga mata hatimi aka ce an karɓa. Ranar ba tifa. Litinin muka koma aka ce mai sa hannu baya nan. Laraba aka ce ba mai a mota, in za mu sayi gas to. Wani kuma a ofishin ya ja mu gefe ya ce ai kwashe shara a cikin gari ba nan ake zuwa ba, mu nufi jiha, muka nufi can aka ce mu koma mu fara ta ƙaramar hukumarmu. Daren Alhamis aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, duk tulin da yaran nan suka fitar ya koma inda ya fito, aikin baban giwa, har gidaje 2 na ƙarshen layi ruwa ya shiga. Da wane ido zan kalli yaran nan wata mai zuwa in ce su sake fitowa?

Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, kwatar lungu ita ke zuba a babbar kwata, ita kuma ta nufi Jakara, in ta toshe a sama kowa ya sha. Ba a manta ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a Agustan 2022 ba, kasuwar da ake zuwa sari tun daga Nijar da Chadi da Kamaru, dilolin atamfa da shadda suka jiƙe, kuma abinda kowa ke faɗa a lokacin shi ne gini a kan hanyar ruwa da toshewar magudana. Mahaifina Allah ya jiƙansa yana ba mu labarin zamanin En'e, kafin gyaran 1976 da ya kawo ƙananan hukumomin da muka sani yanzu, wai duba-gari har cikin gida yake shiga ya leƙa randa, in ya ga ƴaƴan sauro sai tara. Ban ce a dawo da mulkin bulala ba, su ma sun yi nasu zaluncin, amma dai a lokacin an san wanda ke da alhakin kwata.

Sai ranar buɗe gasa. Ba mu gayyaci kowa a hukumance ba don mun gaji, amma ana cikin wasa sai ga motocin ƴan siyasa, sai ga maroƙi da lasifika, aka dakatar da wasa kusan rabin awa, aka jera yaranmu aka ɗau hoto da kofin da mu muka saya da kuɗin karo-karo, akai alƙawarin raga da ƙwallaye da gyaran fili, kafin mu isa gida hotunan sun hau Facebook wai an ɗauki nauyin gasar matasa don yaƙi da shaye-shaye. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Har yau da igiyar shanya muke ɗaure saman gola.

Amma don Allah kar a ce na ɗora wa kansila komai. Yaron unguwa ne, tare muke sallah, na san gidan da yake haya, kuma ya taɓa ce min Baba wallahi abinda kuke zato ba haka yake ba. Na yarda da shi. Mu ma muna da namu, tun asuba ƙofar gidansa cike take, wannan matarsa ta haihu, wannan takardar asibiti, wannan kuɗin makaranta, ba mai zuwa ya tambaye shi me kuka zartar a majalisa, mun mai da shi asusun biki da suna, to shi ma sai ya ɗauka aikin kenan. Ledar da ta toshe kwatar kuma ba daga sakateriya aka kawo ta ba, daga gidajenmu ta fito, akwai matan da da an fara ruwa suke turo yara da bokitin shara a juye a kwata wai ruwa ya tafi da ita. Ya tafi da ita ina? Gidan maƙocinki.

Wani abu da ke ba ni mamaki, a daminar nan duk wata ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida suna ba yara ƴan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, su ba da na ranar farko a gabansu su bar wa uwa na kwana 2, su yi alama da alli a jikin bango, ba lungun da ba sa shiga, kuma kafin su zo mai shela ya zaga, liman ya faɗa a masallaci, mai unguwa ya sani. Aiki ne mai kyau, Allah ya saka musu, jikokina sun amfana. Ashe kenan hukuma ta san hanyar ƙofar gidan kowa in ta so. To hanyar da aka bi aka sanar da mu magani, ita za a bi a ce ranar kaza akwai taron jin ra'ayi kan kasafin kuɗi a filin firamare, ko a liƙa takarda a allon sakateriya da ƙofar gidan mai unguwa, da Hausa, ga ayyukan mazaɓarku na bana, ga kuɗin kowanne, ga ɗan kwangilar. Kwali ɗaya ne da gam.

Ku ma ƴan jarida ban ƙyale ku ba. Dan Allah ku ware ko rabin shafi ne duk sati na labarin ƙananan hukumomi zalla, ba na rabon shinkafa ba. Ku ɗauki guda ɗaya duk mako, ku buga abinda ta samu a wata, ku tura wakili zaman kansiloli in ana yi, in ba a yi ku faɗa mana ba a yi. Akwai dokar ƴancin samun bayanai ta 2011 da ta ba hukuma kwana 7 ta amsa in an nemi bayani a rubuce, ku kun fi mu sanin yadda ake amfani da ita, mu in mun je ana ganinmu da hula a karkace sai a ce mu dawo gobe. A ƙasan shafin kuma ku bar gurin sanarwa kyauta na abubuwan unguwanni, gasa, musabaƙa, gayya, lesin, don na tabbata akwai masu yin abinda yafi namu a wasu unguwannin ba mu da labarinsu, da mun sani da mun je mun koyo, ƙila ma mu haɗa wasan sada zumunci.

Fainal ɗinmu Lahadi ta sama ce bayan la'asar in ruwa ya bari, musabaƙa kuma Asabar ɗin da ke biye da safe. Na bar lambata a gurin mai karɓar saƙonku, in za ka turo wakili ya kira ni in tare shi a bakin titi don ɗan adaidaita ba ya yarda ya shigo layin yanzu. Ya taho da takalmin roba, zan fara kai shi bakin kwatar, sannan in nuna mai inda masu tef ɗin suka yi alama da jan fenti a jikin katanga.

Wassalam.

Naka,
Wani mazaunin unguwa,
Kano.